Dajin masu gida uku: kwana tara a bakin Kogin Klamath

Na bar Kano a makon farko na Oktoban 2024, gero ya shiga rumbu, ana jiran dawa. Aikina kula da gandun daji ne, kuma tambaya ɗaya ce ta ɗaga ni zuwa arewacin Kalifoniya ta Amurka. Idan tsauni guda yana da masu shi uku, wato ƙabilar da ta gaje shi, da gwamnatin tarayya da ke riƙe da takardarsa, da mutumin da ya sayi wani yanki a tsakiya, wa zai ce a sare, wa zai ce a ƙona, wa kuma zai biya in wuta ta ƙwace? A lokacin kuɗin neman biza dala 185 ne, kuma ba a mayarwa ko da an hana mutum. Daga Abuja muka sauka Istanbul, daga can muka yi awa 13 da wani abu a sama kafin San Faransisko. Agogonsu yana bayan namu da awa 8.

Duk mai niyyar wannan tafiya ya bar kilishi a gida, domin nama ba ya shiga. 'Yan kwastan suna tambaya ko kana ɗauke da nama, ko 'ya'yan itace, ko iri, ko ƙasa, ko kuma ka taka gona kwanan nan. Na faɗi gaskiya, aka duba yajina da garin kuka aka mayar mini, sannan aka juya takalman aikina ana duba tafinsu. A lokacin na ɗauka tsanani ne kawai. Sai da na shiga daji na ga dalili: akwai wata cuta da ke bin ruwa da laka tana kashe tanok, wani itace da ƙabilun can ke cin 'ya'yansa, kuma taɓon da ya maƙale a takalmi ko tayar mota ya isa ya kai ta wani kwari. Ma'aikatan dajin da kansu suna kankare takalma su fesa musu magani kafin su sauya wurin aiki.

Wani ƙaramin jirgi ya kai ni filin Arcata cikin kamar awa ɗaya. A nan na ɗauki hayar mota a kan dala 70 da 'yan kai kowace rana, domin motocin haya na jama'a a wancan yanki kaɗan ne ƙwarai. Galan ɗin fetur, wanda bai cika lita 4 ba, ya haura dala 5. Hanya mai lamba 299 ta bar bakin teku ta hau duwatsu zuwa Willow Creek, kamar mil 40, daga nan aka karya arewa a kan mai lamba 96. Babu shingen 'yan sanda ko na soja ko guda. Abin da ke tsayar da matafiyi shi ne zaizayar dutse: sau biyu muka tarar an mayar da titi hannu ɗaya, ma'aikaci yana riƙe da allo, ana jira minti 15 zuwa 20 kafin wata mota ta ja ayari ta wuce da shi. Waya kuwa tana ɗaukewa na tsawon mil da yawa, don haka a sauke taswira tun daga gari, a kuma cika tanki a duk inda aka ga gidan mai.

Zangon farko kwarin Hoopa ne, mazaunin ƙabilar Hupa, fili mai kusan mil 12 a kowane gefe, wanda ya fi na kowace ƙabila girma a Kalifoniya. Su suna da ƙasa a hannu. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 suna cikin ƙabilun farko da suka karɓi tafiyar da harkokinsu daga hukumar tarayya mai kula da 'yan asalin ƙasa, suna da sashen gandun daji nasu da masu kashe gobara nasu, kuma a ƙarshen 2023 sun sake mallakar fiye da eka 10,000 da ke hannun 'yan kasuwar katako. Mil 10 gaba akwai Weitchpec, inda Kogin Trinity ke zuba cikin Klamath, ƙasar Yurok ke nan. Su kuma yawancin filin da ke cikin iyakarsu ya daɗe da komawa hannun kamfanin katako da ɗaiɗaikun mutane, don haka hanyarsu ita ce saye. Ina cikin tsara wannan rubutu, a Yunin 2025, aka sanar da kammala mayar musu da kimanin eka 47,000 a yankin Blue Creek, filin da ƙungiyar Western Rivers Conservancy ta saya kashi-kashi daga kamfanin Green Diamond. Na uku su ne Karuk, kuma wurinsu na nufa. Sunayen biyu ma kogin ne ya raɗa su: Karuk na nufin mutanen sama da kogi, Yurok na ƙasa da shi.

Orleans ƙauye ne na mutum 'yan ɗaruruwa, Karuk suna ce masa Panamnik. Na kama wani ɗakin katako mai murhu a kan dala 110 kowane dare. Shago ɗaya ne, kayansa da tsada, shi ya sa na yi sayayyar shinkafa da ƙwai da kifin gwangwani tun daga Arcata. Babu masallaci ko kusa. Abin da ya ba ni mamaki a daren farko shi ne alƙibla: daga can ba gabas ake fuskanta ba, arewa ce da ɗan karkata zuwa gabas, sai da na gwada da na'ura biyu kafin zuciyata ta natsu.

A wannan ɗan ƙauye ofisoshi uku ne ke kusa da juna: sashen albarkatun ƙasa na Karuk, da ofishin yanki na hukumar gandun daji ta tarayya, da wata ƙungiyar mazauna mai suna Mid Klamath Watershed Council wadda ke aiki da masu filaye. Wanda ya ga ma'aikatansu suna shiga mota ɗaya yau ba zai san irin gabar da ke bayansu ba. Ƙasar gadon Karuk ta haura eka miliyan ɗaya, amma fiye da kashi 90 cikin 100 nata yana hannun tarayya a matsayin gandun Klamath, wanda aka kafa a 1905, da na Six Rivers, na 1947. Yarjejeniyoyi 18 da aka ƙulla da ƙabilun Kalifoniya a 1851 da 1852 majalisar dattawa ba ta taɓa amincewa da su ba, shi ya sa Karuk ba su samu keɓaɓɓen fili irin na Hupa ba. Dokar jiha ta 1850 ta haramta cinna wa fili wuta. Bayan babbar gobarar 1910 a Idaho da Montana, hukumar gandun daji ta tarayya ta ɗauki kashe kowace wuta a matsayin aikinta na farko, har a 1935 ta kafa ƙa'idar cewa duk wutar da aka gani a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar gobe. Mutanen da suka shekara dubbai suna gyara dajin da wuta suka koma masu laifi. A 1988 kotun ƙoli ta yanke hukuncin da bai ba ƙabilun yankin gaskiya ba a shari'ar wata hanya da aka so a ratsa wuraren ibadarsu da ita daga Gasquet zuwa Orleans, ko da yake ba a ƙarasa hanyar ba. A 2010 ma Karuk sun kai hukumar ƙara kan wani aikin rage daji a gefen Orleans da ya taɓa wuraren al'adarsu, kotu ta ba su gaskiya a wannan ɓangare a 2011.

Sakamakon shekara ɗari ba wuta yana nan a fili. Itacen Daglas, mai saurin tsawo, ya cike tsakanin tsofaffin itatuwan ok, dangin tanok, ya rufe musu rana. Na tsaya gindin wani tsohon ok mai rassa a baje, alamar a sarari ya girma, yanzu kuwa ƙananan Daglas sun kewaye shi kamar kara a gona, rassansa na ƙasa duk sun mutu. Wani bincike da aka buga a 2022, wanda ya auna ƙurar furanni da gawayi a lakar tafkuna biyu na yankin, ya nuna nauyin itacen da ke dajin yanzu ya kai ninki biyu na zamanin da ƙabilu ke ƙona shi. Mu a gida kukanmu daji ya ƙare. Su kukansu ya yi yawa, ya zama makamashi.

A 2013 ɓangarorin suka zauna suka kafa haɗin gwiwar da ake kira Western Klamath Restoration Partnership, a kan fili mai eka miliyan 1.2. Yadda suka fara shi ne abin da na fi ɗauka da muhimmanci a duk tafiyar. Ba su fara da batun wa ke da ƙasa ba, domin da nan suka fara da har yau suna wurin. Ba su fara da batun sare manyan itatuwa ba, wanda ya raba masu katako da masu kare muhalli tun da aka sa wata mujiya mai ɗige-ɗige cikin jerin halittun da ake karewa a 1990. Taswira suka shimfiɗa. Kowa ya sa abin da yake tsoron rasawa: gidaje, hanyar gudu in gobara ta taso, tudun da za a iya tare wuta a kansa, gangaren da ke fuskantar rana, wurin kiwon barewar dajin, kurmin da mata ke tsintar 'ya'yan tanok, sheƙar mujiya. Aka ɗora taswirorin bisa juna, inda launi ya fi duhu nan ne kowa ya yarda a taɓa. Wuraren da ake gardama a kansu aka bar su sai gaba. Karuk suna cikin masu jagoranci da tsarawa, ba waɗanda ake kira a ji ra'ayinsu bayan an gama rubutu ba.

A rana ta huɗu na samu ganin ƙuna, wato wutar da ake sakawa da gangan don gyara daji. Duk kaka ana haɗa ma'aikatan ƙabila da na hukumomi da masu filaye da 'yan koyo daga wurare daban-daban, su yi makonni suna ƙona filaye tare. Shiga cikin masu riƙe wuta sai da takardar horo da gwajin ƙarfi: a ɗauki kaya mai nauyin fam 45, kusan kilo 20, a yi tafiyar mil 3 cikin minti 45. Ni ba ni da takardar, don haka aka ba ni hular kwano da riga mai ruwan ɗorawa wadda ba ta kama wuta, aka haɗa ni da wani ma'aikaci, muka tsaya a kan hanya da gefen layi.

Filin na wani magidanci ne, kamar eka 20 a kan gangare, gidansa a ƙasa, dajin tarayya ya kewaye shi ta sama da gefe. Aikin ya fara ne tun shekara biyu kafin ranar. An bi da zarton inji an sare ƙananan itatuwa da sarƙaƙiya, an tara su tsibi-tsibi kamar tsayin mutum, an rufe kan kowane tsibi da takarda mai kakin zuma don cikinsa ya zauna a bushe, aka ƙone su da damunarsu, lokacin da ƙasa ke jiƙe. Wanda ya tsallake wannan mataki ya cinna wa dajin wuta kai tsaye, ƙananan itatuwan nan su ne tsanin da wuta za ta taka ta hau kan manya. Bayan haka aka share layi kewaye da filin, faɗinsa kamar taku ɗaya, an kankare har sai jar ƙasa ta fito, da wani gatari mai baki biyu, gefe gatari gefe fartanya, da manjagara mai faffaɗan baki. A bin layin aka shimfiɗa mesa mai kaurin inci ɗaya da rabi, da ƙananan rassa masu inci ɗaya, injin ban-ruwa yana turowa daga wani tankin roba da aka kafa a bakin hanya. Gindin kowane tsohon itace an janye tarin ganyen da ya shekara da shekaru yana taruwa, domin wannan tarin ba ya ci da harshe, cin gawayi yake yi a hankali har ya dafa saiwa da ɓawo, itacen ya mutu bayan shekara ɗaya ko biyu ba a san dalili ba.

Da safe shugaban ƙuna ya tara mutum kusan 40, ya karanta wa kowa aikinsa, da tashar oba-oba, da inda za a gudu in abu ya ɓaci. Takardar ƙunar da na gani ta ƙayyade danshin iska tsakanin kashi 30 da 55, iska kuma kada ta wuce mil 8 a awa. Mutum ɗaya ba shi da aiki sai auna yanayi duk bayan rabin awa yana faɗa a oba-oba. Aka jira har wajen ƙarfe 11 raɓa ta bushe. Wata dattijuwa Bakaruka ta yi magana da harshensu, sannan aka yi gwaji a ƙuryar sama, aka zuba ido a ga tsawon harshen wutar da inda hayaƙi ya nufa.

Abin kunnawar wata buta ce ta ƙarfe mai dogon hanci da lagwani a baki, cikinta gas kashi 3 da fetur kashi 1. In fetur ya yi yawa sai ta yi bindiga a hannu, in gas ya yi yawa ba ta kamawa. Daga sama ake farawa, kullum. Wuta tana gudu in tana hawa tudu, tana rarrafe in tana gangarowa, don haka sai a fara ƙona bakin layin sama a samu baƙar ƙasa mai faɗi, sannan masu buta su riƙa ratsa gangaren a jere, kowane ɗaya ƙasa da na gabansa kuma a bayansa kaɗan, wutar kowa ta hau 'yan taku ta tarar da inda ya riga ya ƙone ta mutu. In ana son zafi a faɗaɗa tazara, in ana son sanyi a matse ta ko a riƙa ɗiga wuta ɗigo-ɗigo. Harshen da na gani bai wuce gwiwa ba, sai jefi-jefi ya kai ƙugu. Masu tsaron layi kuma ba wutar suke kallo ba. Bayansu suke ba ta, idonsu a kan dajin da ba a ƙona ba, domin tartsatsi can yake faɗawa.

Wajen ƙarfe 2 hakan ta faru. Wani guntun kututture mai ci ya gangaro ya tsallake layin gefe, ya kama ganye a ɓangaren tarayya. Aka dakatar da masu buta, mutum huɗu suka kewaye wurin da fartanya da mesa, cikin 'yan mintuna ya mutu, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba. Aka sa masa alama, aka rubuta. Daga baya aka haƙa ɗan rami a bin layin don ya riƙa tare abin da ke gangarowa. Sauran wahalhalun ranar su ne zanzaro da ke gida a cikin ƙasa, da wani tsiro mai ganye uku-uku wanda mansa ke sa ƙuraje masu ƙaiƙayi, hayaƙinsa ma yana ƙona maƙogwaro. An gargaɗe ni kada in taɓa fuska da safar hannu, in kuma wanke kayan daban.

Da la'asar aka gama, amma ba a tafi ba. Aka bi gefen layi ana tona duk inda ke hayaƙi, ana zuba ruwa, ana shafawa da bayan hannu a ji ko da sauran zafi. Kwana uku ana dawowa sintiri.

Dattijuwar nan masaƙiyar kwando ce, kuma ita ta nuna mini amfanin abin a hannu. Ta ɗauko tsumagiya biyu na itacen hazal. Ɗaya daga kurmin da bai ga wuta ba, karkatacciya mai rassa, tana lanƙwasa ta ta karye. Ɗayar daga tushen da aka ƙona, miƙaƙƙiya kamar tsinken zana, tsawon hannu, ba reshe ko ɗaya, ta naɗe ta a yatsa ba ta karye ba. Ana yankar irin wannan ne a bazarar da ta biyo bayan tohon ya yi shekara. Masu bincike sun ƙirga sun ga ƙuna tana ninka irin waɗannan tsumagu fiye da sau 10. Da su ake saƙa kwandon goyon jariri, kuma rashinsu ne ya sa matan Yurok irin su Margo Robbins suka tashi suka kafa ƙungiyar dawo da ƙunar gargajiya a Weitchpec. Haka batun 'ya'yan tanok. Waɗanda tsutsa ta shiga su ne ke fara zubowa. In aka saka wuta a daidai wannan tsakani, sai ta cinye su da tsutsar, masu kyau su zubo daga baya a kan ƙasa mai tsabta. Makiyayin da ke ƙona fadama da wuri don toho, da mai yankan gamba da ya san wace shekara ce zana za ta yi kyau, za su gane wannan magana ba sai an fassara musu ba.

Daren nan aka ciyar da mu. An tsire yankan kifin salmon a kan tsinkayen katako aka kafa su kewaye da garwashi, kamar yadda mai tsire ke yi a tukuba, sai dai babu ƙuli babu yaji, gishiri kawai. Aka kawo kunun 'ya'yan tanok mai kauri, ba gishiri ba zaƙi. Ana busar da 'ya'yan, a fasa, a niƙa, a yi ta tace garin da ruwa har ɗacin ya fita. Mutumin Damagaram ko Maraɗi da ya san yadda ake jiƙa hanza kafin ta ciwu ya san wannan aiki. Hirar wurin duk a kan kogi take, domin a farkon watan ne aka kammala rushe madatsun ruwa huɗu da suka tare kifin shekaru da yawa, kuma kafin watan ya ƙare aka ga salmon ya haura har Oregon.

Washegari muka yi mil 8 zuwa Somes Bar, inda Kogin Salmon ke haɗuwa da Klamath. Nan ne Katimiin, wurin da Karuk ke ɗauka tsakiyar duniya, kuma a Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar da ta mayar musu da kimanin eka 1,000 a nan. Ban ɗauki hoto ba, an roƙi baƙi kada su yi. A kewayen ne aikin farko na haɗin gwiwar yake, kimanin eka 5,500 na dajin tarayya a wurare huɗu da ke zagaye da gidajen mutane, wanda aka amince da shi a 2018. Shekara biyar ke nan daga zaman farko zuwa sa hannu.

Wannan jinkiri shi ne ciwon abin. Gangare ɗaya, takarda iri uku. A filin mutum, izinin hukumar kashe gobara ta jiha da na masu kula da hayaƙi ake nema, ana iya gamawa cikin watanni. A filin ƙabila da tarayya ke riƙe wa amana, sai hukumar 'yan asalin ƙasa ta amince da tsarin ƙunar. A dajin tarayya kuwa sai an yi nazarin muhalli, an ƙirga mujiya, an bi sawun kayan tarihi, an saurari jama'a, kuma akwai watannin da ba a tayar da inji saboda tsuntsaye na kan ƙwai. Shi ya sa yawancin ƙunar da aka yi a shekarun farko a filayen mutane aka yi ta, duk da su ne mafi ƙanƙanta. Kwanakin da yanayi ke dacewa ba su da yawa, kuma sau da yawa a daidai lokacin ma'aikatan tarayya suna can suna fama da gobara a wata jiha. A 2022, da ƙuna biyu na hukumar gandun daji suka ƙwace a New Mexico suka haɗe suka ci fiye da eka 340,000, an dakatar da duk ƙunar hukumar na kwana 90 a faɗin ƙasar.

Dokoki suna buɗe ƙofa, amma a hankali. Ta 2004 ta ba ƙabila damar neman yin aiki a dajin tarayya da ke maƙwabtaka da filinta. Ta 2014 ta ba jihohi damar yi wa tarayya aiki a dajinta, a 2018 aka shigar da ƙabilu da gundumomi, sai dai a lokacin jihohi kaɗai aka bar wa riƙe kuɗin katakon da aka sayar. Kan tambayata ta wa zai biya, Kalifoniya ta amsa a 2021: wanda ya yi ƙuna bisa ƙa'ida ba za a bi shi kuɗin kashe ta ba in ta ƙwace, sai in an tabbatar da mugun sakaci. Ta kuma ware dala miliyan 20 don biyan waɗanda suka yi asara, har miliyan 2 a kan ƙuna ɗaya. A Satumban 2024 aka sa hannu kan wata dokar da ta ba ƙabilu damar ƙulla yarjejeniya da jiha maimakon neman izini a kowace ƙunar gargajiya. Amma dokar jiha ba ta hawa dajin tarayya, inda mafi yawan ƙasar Karuk take. A ganina haɗin gwiwar na gaske ne a wurin tsarawa da wurin aiki, amma sa hannun ƙarshe har yanzu na mutum ɗaya ne, jami'in tarayya. Kuɗin kuma tallafi ne na shekara biyu ko uku, alhali filin da aka ƙona yana son a koma masa cikin shekara 3 zuwa 10, in ba haka ba wahalar farko ta tashi a banza. Ƙananan itatuwan da ake sarewa ba su da mai saye, injin katako na kusa ya rufe tun shekarun 1990.

Na yi ta auna wannan da namu. Gandun dajinmu tun zamanin En'e na hukuma ne a takarda, amma masu shiga cikinsa kullum su ne makiyayi, da maharbi, da mai sassaƙa turmi, da mai zuma, da matan da ke ɗebo itace, da manomin da gonarsa ke bakin iyaka. Kowannensu ya san wani abu game da dajin da ma'aikaci bai sani ba, kuma galibi ba a haɗuwa da su sai ranar kamu. Ƙunar farkon rani da tsofaffin ma'aikata suka sani, wadda ake yi ciyawa na da sauran danshi don kada ta Fabrairu ta cinye itatuwa, ta ragu ƙwarai. Nijar ta gwada wani abu makamancin na Klamath da kasuwannin itace na karkara tun farkon shekarun 1990, a dazuka irin Baban Rafi, inda ƙauye ke da yankinsa da adadin da zai sara da rabonsa na haraji. Abin da zan iya ɗauka daga Orleans ba butar wuta ba ce, dajinmu bai da irin wannan nauyin makamashi. Taswirar nan ce: a tara arɗo da sarkin baka da mai unguwa da ma'aikacin gandu, kowa ya sa burtalinsa da mashayarsa da kukarsa, a fara aiki daga inda aka yarda.

Rana ta bakwai na ƙarasa Happy Camp, hedikwatar Karuk, kamar mil 45 daga Orleans. A ranar 8 ga Satumban 2020 gobarar Slater ta taso da iska mai ƙarfi daga gabas, ta ci gida kusan 200 a nan, ta kashe mutum 2, ta ƙone fiye da eka 150,000. Shekara huɗu bayan haka, a kwarin Indian Creek, tsaunuka suna tsaye da baƙaƙen kututture har iyakar gani, sarƙaƙiya ta taso a ƙarƙashinsu, wasu iyalai suna zaune a tirela a kan harsashin gidajensu. Wani ma'aikacin ƙabila ya nuna mini cewa matattun itatuwan nan za su zubo cikin 'yan shekaru su kwanta a kan sarƙaƙiyar, wuta ta biyu kuma za ta fi ta farko cin ƙasa in ba a riga ta da ƙuna ba.

A hanyar komawa na tsaya a filin da aka ƙona, kwana huɗu bayan wutar. Ƙasa baƙa ce, ana hango gindin itatuwa har sama, ganyen manyan ok kore shar. Sababbin 'ya'yan tanok sun zubo a kan tokar, ana ganinsu tun daga nesa, mata biyu suna tsinta a bokiti da izinin mai filin. Na fasa guda goma da dutse, tara lafiyayyu ne. A saman layin, ɓangaren tarayya yana nan cunkushe, an ɗaura wa itatuwansa ƙyalle mai launi, alamar an auna shi yana jiran nasa izinin.

Na kwana a Arcata, hazo ya riƙe jirgin safe awa uku, abin da aka saba gani a wannan fili, don haka mai haɗa jirgi a San Faransisko ya bar tazara mai yawa. Ban da tikiti da biza, kwana taran sun ci mini kusan dala 2,200, rabinsu a kan masauki. Takalman kuwa sai da na wanke su tas da burushi kafin in sa su a jaka.